Me ke raya sabuwar sana'a a Kebbi: jari, wuta, ko mutane?

Malamin Tattali:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma ba ta jarrabawa ba ce. Shekara 9 ke nan ina koyar da darasin kasuwanci a wata babbar makaranta a nan Birnin Kebbi. Duk shekara ɗalibai kan rubuto tsarin sana'ar da za su yi, mu ba su maki, su wuce bautar ƙasa. Makon jiya na zauna ina lissafin waɗanda na san sun buɗe wani abu kuma har yau yana numfashi, ban gama yatsun hannuwana ba suka ƙare. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kusan dukkansu 'ya'yan gidan sana'a ne. Wannan ubansa ɗan albasa ne, wannan uwarsa na gumin shinkafa, wancan a shagon kawunsa ya tashi a Jega. Waɗanda suka fi kowa maki kuwa, yawancinsu na gida suna jiran a buɗe ɗaukar aiki.

Tun 1890 wani masanin tattalin arziki na Ingila, Alfred Marshall, ya lura cewa in masu sana'a iri ɗaya suka taru a gari guda, sirrin sana'ar kan zama kamar iskar da kowa ke shaƙa, har yara su koye shi ba su san sun koya ba. Daga baya masu bincike suka faɗaɗa maganar, suka ce kafin a duba iri a fara duba ƙasar da za a shuka shi. To mu nan Kebbi, mece ce ƙasar? Me sabuwar sana'a ke bukata a kewayenta kafin ta kama? Ku da ke cikin ruwan nake son ji.

Injiniya Mai Sola:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, amsar kalma ɗaya ce: jari. Ɗan mai albasa bai fi ɗalibinka wayo ba, ubansa ne ya ɗora masa buhu 20 ya ce je ka gwada. Ni na halarci horaswa har sau 4, duk a otal, duk da ruwan roba da takardar shaida. Ko sukurdireba ɗaya ban samu daga cikinsu ba. Takardun na nan cikin jaka, in akwai mai saye.

Malamin Tattali:
Injiniya, kana da hujja, kuma a ƙasar nan aka samo ta. Ka tuna shirin YouWiN na zamanin Jonathan, gasar tsarin kasuwanci da ake ba waɗanda suka ci jari, wanda aka fara a 2011? Kusan mutum 24,000 suka nema, aka ba 1,200. Wani mai bincike na Bankin Duniya, David McKenzie, ya bi sawun abin. Cikin waɗanda suka kai zagayen kusa da ƙarshe, fiye da 700 ƙuri'a aka jefa aka zaɓe su, saboda haka ana iya kwatanta wanda ya samu da wanda bai samu ba alhali da ma kusan ɗaya suke. Kuɗin ba na wasa ba ne, in aka raba daidai kowa ya tashi da kusan dala 50,000. Bayan shekara 3, cikin masu sabuwar sana'a, waɗanda suka samu sun zarce sauran da maki 37 cikin 100 wajen kasancewa sana'ar na nan, da maki 23 wajen ɗaukar ma'aikata 10 ko fiye. Wato akwai mutane da yawa da kuɗi kaɗai ya tsayar da su.

Injiniya Mai Sola:
Shi ke nan, a rufe taro da addu'a.

Ma'aikacin Banki:
Kar a rufe tukuna. Malam, in kuɗi ne kaɗai, ai mu Kebbi muka fi kowa shaida. A nan Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. An zuba kuɗi, an ba da taki da iri da injin ban ruwa. Ba wanda zai ce noman rani bai bunƙasa ba, duk wanda ya bi fadamar Argungu ko Suru a shekarun nan ya gani da idonsa. Amma da lokacin biya ya zo, mutane nawa suka ɗauke shi a matsayin bashi? Da yawa cewa suka yi rabonsu ne na gwamnati. Wasu ba manoma ba ne ma, sunansu kawai ya shiga takarda. Wasu kuma manoman gaskiya ne, ambaliya ta cinye su, kamar ta 2020. Yau ni da ke zaune a teburin bashi, in matashi ya zo da maganar shinkafa, kafin ya gama zama na san abin da na sama da ni za su ce. Waɗanda suka ƙi biya sun ci nasu, sun kuma ci na ƙannensu.

Malamin Tattali:
Ka kawo bambanci mai amfani. Kuɗin YouWiN kyauta ne, amma kashi 4 aka raba shi, ba a sakin na gaba sai an ga abin da ka yi da na baya. Kuma sai da mutum ya sha wahalar rubutu da tacewa kafin ya kai ga ƙuri'ar. Mai neman rabo ba ya jure wannan.

Ɗan Aliero:
Malam, ni ban yi boko mai nisa ba amma wanga batu namu na. Ku bar maganar dala. Mu nan Aliero albasa muka sani, sai ɗori. Matsalarmu ba jarin shuka ba ta, jarin jira ta. Lokacin da anka cire albasa kowa na da ita, kuɗɗinta su faɗi ƙasa warwas. Wanda ad da hali shi zuba ta rudu, wato rumbun albasa, shi jira wata 5 ko 6, sannan shi saida da daraja. Amma yaron da yaf fara bana, ga bashin taki, ga kuɗin man inji, ga mai gona na jiran nashi, dole shi saida ranar da yac cire. Mu da munka daɗe mu ka saye hannunshi, ba ɓoyo. Shi yay yi wahala, mu mu ci ribar. Kuma ko rudun ma ba tabbas, wata shekara ka buɗe ka iske rabi ta ruɓe, wari kamar ka gudu ka bar garin.

Malamin Tattali:
Alhaji, abin da ka faɗa an gwada shi a Kenya, a kan masara. Masu bincike sun ba manoma bashi ba lokacin shuka ba, lokacin girbi, don kawai su iya riƙe amfaninsu. Waɗanda suka samu sun ajiye, sun sayar daga baya, ribar da suka samu a kan bashin ta kusa kashi 30 cikin 100. Wani abin sha'awa, a ƙauyukan da mutane da yawa suka samu bashin, farashin lokacin girbi ya ɗan ɗaga, har wanda bai karɓa ba ya amfana. A Kolkata ta Indiya kuma an ba wasu mata masu ƙaramin bashi wata 2 kafin su fara biya, maimakon su fara nan da nan. Sun fi zuba kuɗin cikin sana'a, sun fi samun riba, sai dai waɗanda suka kasa biya ma sun ƙaru. Saboda haka ba yawan kuɗi kaɗai ba, har da ranar da za a zo karɓarsa.

Ma'aikacin Banki:
Wannan jimlar ta "waɗanda suka kasa biya sun ƙaru" ita ce za a karanta min a ofis, sauran ba wanda zai ji.

Ɗan Aliero:
Kuma ku cire kuɗin ruwa. Ni ko an ce sisi ne ba ni karɓa.

Ma'aikacin Banki:
Akwai bankunan da ba ruwa yanzu, Alhaji. Jaiz tun 2012 yake aiki. Sai dai su ma za su tambayi jingina da tarihin asusu, ba su hana ka zuwa ba.

Hajiya Mai Gumi:
Sannunku da muhawara. Na daɗe ina karantawa, na ce bari in sa baki tunda an taɓo shinkafa. Ni a Argungu nake, shekara 16 ina gumi. Da tukunya ɗaya na fara, yanzu rabin duro 6 nake ɗorawa, mata 5 ke taya ni shanya. Ba banki, ba shiri, adashi ne. Duk ranar kasuwa muke zubi, in kwasa ta zo kaina in sayi shanshera.

Amma Malam, akwai abin da ku maza ba ku faɗa. Jarin mace ba nata ba ne. Ranar da na kwashi adashi, kafin la'asar labari ya zaga dangi. Wannan ɗansa ba lafiya, wannan za ta aurar, maigida kuma injin ban ruwansa ya lalace, ara min zuwa girbi. Wane girbi? Ba zan ce ƙarya yake ba, injin ya lalace da gaske, kuma abin da ya noma mu muke ci. Amma tukunyata ce ke kwana ba wuta. Dabarar da na koya, ranar kwasa ba na kawo kuɗi gida. Daga gidan uwar adashi sai wurin mai shanshera. Buhu ba ya aruwa da sauƙi kamar kuɗi.

Malamin Tattali:
Hajiya, wallahi kin rigayi masu binciken. A Sirilanka, cikin wani bincike da aka wallafa a 2008, an raba wa masu ƙananan sana'o'i dala 100 zuwa 200. Maza ribarsu ta ƙaru sosai, mata kuwa kamar ba a ba su komai ba. Aka yi ta cewa ko mata ba su iya ba. Daga baya wasu masu bincike, mata ne kuwa, suka sake duba alƙaluman Sirilanka da Indiya da Ghana, suka ga inda mijin ke da tasa sana'ar, kuɗin can yake gangarawa. Ribar ba ta ɓace ba, shagon maigida ta koma. A Ghana kuma an ga matan da aka saya wa kaya sun fi waɗanda aka danƙa wa tsabar kuɗi ci gaba, musamman waɗanda da ma sana'arsu ta ɗan kafu. Dabararki ke nan ta buhu.

Hajiya Mai Gumi:
To ku gaya musu su zo in ƙara musu, ba sai sun je Sirilanka ba.

Na Kamba:
Ku yi haƙuri in kawo nawa. Duk wannan lissafin yana aiki ne in ƙasar ta tsaya wuri ɗaya. Mu a Kamba da safe za ka tashi ka ji an rufe boda. An rufe a Agustan 2019, wasu iyakokin aka buɗe a ƙarshen 2020, tamu sai 2022. Ba mu gama miƙewa ba aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa. A wannan shekarar dai aka yi canjin kuɗi, ka ga mutum da dabbobi a kasuwa ba mai tsabar saye, aka kuma cire tallafin mai a ƙarshen Mayu. Wanda ya buɗe shago a 2019 da niyyar sayar wa mutanen Gaya da Dosso, wane tsarin kasuwanci ne zai cece shi?

Kuma ku lura, rufewar da ta kashe mu ita ta raya masu shinkafa. Hajiya, ki faɗi gaskiya.

Hajiya Mai Gumi:
Gaskiya ne, lokacin mun ga kasuwa. Amma da aka sassauta shigo da abinci a 2024 mu ma mun ji a jikinmu. Na sayi shanshera da tsada, kafin in gama gumi in kai inji farashi ya sauka. Kowa da ranarsa.

Na Kamba:
Abin da nake faɗa ke nan. Ba tallafi nake roƙo ba. A faɗa min dokar da za ta kai shekara 5 ba a juya ta ba, ni zan nemo jarina.

Baba Dillali:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubutawa, ni nake faɗa. Na shekara sama da 40 ina dillanci a kasuwar Jega, daga hatsi har dabbobi. Yara, kuna ta kuɗi kuɗi. A kasuwa kaya ke yawo, kuɗi daga baya yake biyowa. Baƙo zai zo daga Legas ko Anacha, bai san kowa ba, ya sauka wurina. Ni zan ba shi wurin kwana, ni zan ce wa mai kaya ba shi, in bai biya ba ni ne. Mota ta tashi da kayan miliyoyi ba takarda ko ɗaya. Me ya riƙe wannan? Sunana. In na ci amana sau ɗaya, kafin sati labari ya kai Gwandu.

Yaron da ya zo wurina shekara 5 yana ɗaukar buhu, yana jin yadda ake taya, yana ganin wanda ke biya da wanda ke zille, ranar da zan sallame shi ba kuɗi ne babban abin da zan ba shi ba. Zan kama hannunsa in kai shi wurin mutum 3 in ce wannan ɗana ne, ku ba shi kaya. Jarinsa ke nan. Malam, ɗalibanka masu maki, wa zai kama hannunsu?

Malamin Tattali:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan tsarin da kuka bayyana wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya rubuta shi: yadda Hausawa suka riƙe cinikin goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu ba banki ba kotu, sai maigida mai saukar baƙi da ke tsaya wa bashi. Har yau ana karantar da shi a jami'o'in duniya. Inyamurai ma da irin wannan suka gina Nnewi da Aba: yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, a sallame shi da jari da abokan ciniki.

Ga kuma wani abu da zai ba ku dariya, ni ya ba ni kunya. Shi McKenzie ɗin ya koma ya duba makin da alƙalan YouWiN suka ba tsare-tsaren kasuwancin, ya ga makin kusan bai nuna wanda zai yi nasara ba. Aka sa kwamfuta ta yi hasashe, ita ma ba ta taɓuka abin kirki ba. Amma a Indiya an tambayi maƙwabta, cikinku wa zai fi juya kuɗi in an ba shi? Waɗanda suka nuna su ne kuwa suka fi juyawa. Wato Baba ya fi ni iya ba da maki.

Ma'aikacin Banki:
To mu ɗauki Baba aiki mana.

Malamin Tattali:
Da sauranka. Binciken ya ce da mutanen suka san amsarsu ce za ta yanke wanda za a ba kuɗin, sai suka fara karkata wajen kansu da danginsu.

Baba Dillali:
Ai ba sai an je Indiya ba. Shi ya sa dillali ke tsayawa da wuyansa. Wanda zai nuna mutum, a ce in ya gudu kai za ka biya, za ka ga ya daina nuna ɗan ƙanwarsa.

'Yar Zuru:
Ina gaida Baba, ina gaida Malam. Ku gafarce ni, zan ɗan saɓa. Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma ga wanda ke ciki. Ni mahaifina malamin firamare ne, mahaifiyata ma'aikaciyar asibiti. Ba mu da kowa a kasuwa. Da na gama makaranta na fara ƙulla garin kunun gyaɗa da yaji a leda mai tambari. Na je wurin masu gyaɗa in karɓi kaya bashi na sati 2, tambayar farko ita ce 'yar wa ce ke? Ta biyu, mijinki na ina? Ban wuce ta biyu ba. Wannan amanar da ake yabo katanga ce, na ciki yana jin daɗin inuwarta, na waje bango kawai yake gani.

Abin da ya buɗe min ƙofa shi ne abubuwan da kuke rainawa. Na yi rajistar suna da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta waya. Na buɗe asusu da sunan sana'ar. Masu sayena na farko a WhatsApp da Facebook na same su, yawancinsu matan ma'aikata a Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja, ba wadda ta tambaye ni 'yar wa ce. Direbobin tasha ke kai min kaya. Inda na maƙale yanzu lambar NAFDAC ce, don manyan shaguna ba sa karɓa sai da ita, kuma ana son a ga wurin sarrafawa na daban, ba kicin ɗin gida ba. Da akwai wuri ɗaya mai tsafta da wuta da injin niƙa da na liƙe leda, mu 10 mu riƙa biyan haya muna amfani da shi, da ya fi min horaswa 100.

Injiniya Mai Sola:
Allah ya biya ki, 'yar'uwa. Abin da na kasa faɗa ke nan. Ni ma ba ɗan kowa ba ne a kasuwa.

Kuma a dawo maganar wuta. Mai walda, mai niƙa, mai ƙanƙara, tela mai injin zamani, duk ribarsu a tankin janareta take ƙarewa. Tun da mai ya tashi a 2023 manoman fadama ke tururuwar neman famfon sola, aikin da ke ci da ni ke nan yanzu. Amma ku ga yadda abin yake: allon daga Kano ko Legas nake sarowa, in inbata ta ƙone ba mai gyaran da na yarda da shi a kusa, sai in saka a mota. Sati 2 manomi na jira, shinkafa na ƙishi. A Kano lungu ɗaya za ka samu mai sayarwa da mai gyara da mai kayan gyara. Wannan ne Marshall ɗin Malam, mu ba mu da shi sai a shinkafa da albasa da kifin Yauri.

Ɗan Aliero:
To kai ka koya ma yara gyaran mana. Mi ka hana ka?

Injiniya Mai Sola:
Na koya wa 2, Alhaji. Ɗaya ya tafi Abuja, ɗayan ya buɗe nasa a kan titinmu yana karya min farashi.

Baba Dillali:
Haka ake yin kasuwa, ɗana. Da mutum ɗaya ne a Jega da ba wanda zai zo. Ranar da kuka kai 10 a titin nan, mai neman sola daga Bunza ba zai wuce ku ba.

Ke kuma 'yata ta Zuru, maganarki ta shige ni. Ba ƙarya kika yi ba. Amma wanda ya tambaye ki 'yar wa ce, ba raini ba ne, yana neman inda zai je in kaya suka ɓace. Ki saya da kuɗi hannu sau 5 wurin mutum ɗaya, kar ki canza, ko da na kusa da shi ya fi araha. Na 6 shi zai ce ki ɗauka ki kawo.

'Yar Zuru:
Na gode Baba, zan gwada. Sai dai kuɗin saye 5 ɗin su ne ba ni da su a lokacin. Mun koma maganar Injiniya.

Malamin Tattali:
Ƙanwata, ƙorafinki shi ne ya fi damuna, don ɗalibaina irinki ne. Tambayar ita ce, abin da ɗan kasuwa ke gada, ana iya ƙera shi ga wanda bai gada ba? Akwai gwaji ɗaya da ke ba ni fata. A birnin Nanchang na Sin an ɗauki kamfanoni ƙanana 2,820, aka kasa wasu rukuni-rukuni na mutum 10, aka ce masu su su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata har shekara. Ba a ba su jari ba. Suna ziyartar wurin juna, su ci abinci, su yi hira. Cinikin waɗanda suka yi zaman ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, sun samu sababbin masu saye da masu kawo musu kaya, kuma abin bai gushe ba bayan an daina taron. Waɗanda aka haɗa sau ɗaya tak ba su samu irin wannan ba, sai da aka saba.

Horaswa ma ba duka ce ta banza ba, Injiniya. A Lome ta Togo an gwada iri biyu a kan masu ƙananan sana'o'i 1,500. Ta gargajiya, wato lissafi da ajiye littafi da talla, ba ta nuna wani tasiri tabbatacce ba. Wadda ta koyar da zafin nama, ka nemi matsala kafin ta same ka, ka fita neman mai saye, ka sake dabara in ta ƙi, ta ƙara riba da kashi 30 cikin 100. Na karanta wannan na dubi abin da nake koyarwa, irin ta farkon ce tsaf.

Hajiya Mai Gumi:
Malam, wannan zaman na wata-wata ai adashi ne ba zubi.

Ɗan Aliero:
Ni dai ba ni zama in gaya ma ɗan albasa ɗan'uwana inda nike kai kaya. Kowa tashi ta fisshe shi.

Malamin Tattali:
Su ma Sinawan haka suka yi, Alhaji. An saki labarin wata hanyar samun kuɗi ga wasu cikin rukunin don a ga ko za su gaya wa sauran. Inda 'yan rukunin ke sana'a iri ɗaya, labarin bai yaɗu sosai ba. Inda ba kishiyoyin juna ba ne, ya zaga. Saboda haka ba ɗan albasa 10 za a tara ba. Kai ɗaya, Hajiya ɗaya, mai sola, mai mota, mai ƙulla kaya, ma'aikacin banki.

Na Kamba:
Ni fa har yanzu ban ga wanda ya amsa min ba. Ku yi zamanku na shekara, ranar da aka wayi gari da sabuwar sanarwa daga Abuja duk ku 10 za ku yi kuka tare.

Ma'aikacin Banki:
Ba mai amsa maka, don ba a hannunmu take ba. Amma manyan injinan shinkafa da ke jihar nan, Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ba su tashi ba duk da juye-juyen. Mai saye babba in ya zauna, ƙananan sana'o'i kan tsiro a gindinsa: masu tara shanshera, masu buhu, masu lodi, masu abinci a bakin ƙofa. In mutum ya zo min da takardar cewa wani babba zai sayi kayansa, ta fi min takardar fili.

Hajiya Mai Gumi:
Su kuma suke sa shanshera ta yi mana tsada lokacin da suka shigo kasuwa. Ba komai, kowa da masu sayensa. Mai son tuwo ba ya barin tamu.

Injiniya, tambaya nake da ita tun ɗazu. Tsakuwa ce ke rage min daraja, masu sayen birni na ƙorafi. Ƙaramin injin cire tsakuwa, sola na iya ɗaukarsa? In zai yiwu mu 6 ne a unguwarmu, sai mu haɗa kwasa biyu.

Injiniya Mai Sola:
Yana ɗauka, Hajiya, ya danganta da ƙarfin motarsa. Ki ɗauko min hoton ƙarfen da ke jikin injin mai rubutu, in lissafa allo nawa zai ci. In da rana kawai za ku yi aiki ba sai an sa batir ba, kuɗin zai sauka sosai.

'Yar Zuru:
Hajiya, in kun cire tsakuwar ina so. Masu sayena na tambayar shinkafar gida mai tsafta a ƙaramar leda, kilo 2 da kilo 5. Sai dai ba zan iya biya gaba ɗaya ba a karon farko.

Hajiya Mai Gumi:
'Yar wa ce ke?

Wasa nake, 'yata. Ki zo Argungu in gan ki tukuna, ki ga wurin, mu yi magana. Rabin buhu za mu fara.

Baba Dillali:
To la'adata fa? A gabana aka ƙulla.

Na Kamba:
Malam, in za a yi zaman nan a sa ni, amma kar a sa ranar kasuwarmu.

Malamin Tattali:
Kowa ya rubuto ranar da ba ta yi masa ba. Alhaji na Aliero, har da kai, ba wani ɗan albasa da za mu gayyato.

Ɗan Aliero:
In ba otal na ba, ina zuwa.